Tanadin Baƙon da Ba a Gayyata Ba

Danna lambar banki a wayarka, sai jeri ya fito: 1 tura kuɗi, 2 sayen kati, 3 duba abin da ya rage a asusu. To, danna 7. Abin da zai biyo baya yana hannun wani mutum da ba ka taɓa gani ba, wanda ya zauna ya rubuta manhajar tun kafin ka buɗe asusun. In gwani ne, za a ce maka babu wannan zaɓin, a maido maka da jerin. In ɗan koyo ne, sai wayar ta yi tsit, ko ta jefa ka inda ba ka nufa ba. Sau da yawa layi biyu ko uku ne kacal suka raba su.

A yaren rubuta manhaja na C da danginsa, irin su Java da JavaScript, akwai tsarin da ake kira switch. Ana miƙa masa abu guda, a ce lambar da ka danna, sai ya gwada ta da zaɓuɓɓukan da aka jera, kowanne da kalmar case a gabansa. Wanda ya dace, aikinsa za a yi. A ƙarƙashinsu kuma akan ajiye default, mai karɓar duk abin da bai dace da ko ɗaya ba. Dokar C a nan ba ta da tausayi: in babu zaɓin da ya dace, babu kuma default, kwamfuta za ta tsallake switch ɗin gaba ɗaya ta ci gaba da harkarta, ko tari ba za ta yi ba. Ɓarnar sai can gaba ta bayyana, a wurin da ba ruwansa, mai gyara ya yi ta lalube.

Matsalar ta tsufa. Yaren BCPL na Martin Richards, a 1967, yana da default, kuma ta wannan zuriya Dennis Ritchie ya gaje shi lokacin da ya ƙirƙiro C a Bell Labs a farkon shekarun 1970. Amma Pascal na Niklaus Wirth, wanda ya fito a 1970, ba shi da irin wannan mafita ko kaɗan. Masu amfani da shi suka ji jiki, har nau'o'in da suka biyo baya suka ƙara else ko otherwise don toshe gurbin.

Rubuta kalmar default ba wani abu ba ne, yaro ma zai iya. Gwaninta tana cikin abin da za a sa a ƙarƙashinta. Ka dubi ɗan kamasho a tasha: yana da motar Zariya, da ta Katsina, da ta Gusau. Fasinja ya zo ya ce Nguru za shi. Na kirki zai ce, "Alhaji, ba mu da ita a nan, ga layinsu can." Maras imani zai cusa shi a motar da ta kusa cika, a gane kuskure bayan an yi nisa. Yawancin default marasa kyau irin na biyun ne, suna haɗiye abin da ba su gane ba su yi kamar lafiya lau.

Saboda haka gwani yakan fara da tambayar daga ina abin zai fito. In daga hannun mutum ne, kuskure ba abin mamaki ba ne, yatsa kan zame, sai a ba shi saƙo mai ladabi da damar sakewa. In kuwa daga cikin manhajar ne, inda a ƙa'ida ba zai yiwu a ga baƙon abu ba, to gwani ba ya lallashi. Yakan sa manhajar ta tsaya cak, ta rubuta a kundin kurakurai ainihin abin da ta gani da inda ta gan shi. Wannan rubutun shi ya fi burge ni. "An samu matsala" ba ya amfanar kowa, amma "an karɓi nau'in ciniki mai lamba 12, ba a san shi ba" ya ba mai gyara bakin zaren tun kafin ya zauna.

Akwai kuma inda zato mai hankali ya fi tsayawa. Duk shafin da ka buɗe a intanet yana zuwa da lambar amsa mai alƙaluma uku: 200 komai daidai, 404 ba a samu shafin ba, 500 na'urar da ke ɗauke da shafin ce ta samu matsala. Ƙa'idar HTTP, wadda ke tsara waɗannan lambobin, ta tanadi abin da za a yi da lambar da ba a sani ba, wato a dubi alƙalamin farko. Manhajar da ta karɓi 471 ba ta gane ta ba sai ta ɗauke ta kamar 400, ta san cewa laifin daga buƙatar da ta aika yake. Da wannan dabara tsohuwar manhaja ke iya zama lafiya da lambobin da aka ƙirƙiro bayanta.

Sai dai manyan gwanaye ma ba bakinsu ɗaya ba, kuma a nan zancen ya fi daɗi. MISRA C, kundin dokokin da masana'antar motoci ta Birtaniya ta fara fitarwa a 1998, ya wajabta default a kowane switch. Hujjarsu a fili take: manhajar da ke kula da birki ba ta da damar yin shiru in wata na'ura ta aiko da shirme. Wasu kuma suka ce a yi hattara. A ce kana da jerin yanayi uku na ciniki, ana jira, an biya, an soke, kuma ka rubuta case ga kowanne. Bayan shekara wani ya ƙara na huɗu, an maido da kuɗi. In babu default, GCC, manhajar da ke juya rubutun C zuwa yaren na'ura, za ta yi gargaɗi cewa an manta da ɗaya, muddin an kunna mata -Wswitch. In akwai default, sai ta ja bakinta, sabon yanayin ya sulale ciki ba wanda ya lura. Abin da aka sa don kariya ya zama mayafin mantuwa. Ni dai a ganina duka ɓangarorin suna da gaskiya, ya danganta da ko jerin rufaffe ne a hannunka ko daga waje yake shigowa.

Sababbin yarukan sun koyi darasi. Rust da Swift ba za su karɓi rubutunka ba sai ka rufe kowace ƙofa, ko dai ka jera duka zaɓuɓɓukan ko ka sa mai kama saura. Swift 5, a 2019, ya zo da @unknown default, wanda ke kama baƙo idan manhaja tana aiki, amma duk da haka ya yi maka gargaɗi in akwai sanannen zaɓi da ka tsallake. Python ma, da ya daɗe babu irin wannan tsari, ya samu match a 2021, inda case _ ke yin aikin.

C kuwa yana nan da tarkunansa. Ka rubuta defualt bisa kuskure, ba zai ƙi ba, zai ɗauka sunan wani zango ka raɗa don umarnin goto, kuma babu baƙon da zai taɓa isa wurin. Ka manta break, kalmar da ke tsayar da aikin case, a wanda ke saman default, sai wanda ya danna 3 ya ga kuɗinsa, nan take kuma a ce masa babu wannan zaɓin. Shi ya sa idan gwani ya zo gwada manhajarsa ba ya farawa da 1, 2, 3. Yakan danna sifili, ya danna 99, ya sa harafi a gurbin lamba, sannan ya aika ba tare da ya rubuta komai ba.