Shata Malamin Waƙa Ne?

Wasu manazarta na cewa Alhaji Mamman Shata, mazaunin Funtuwa da ya rasu a 1999, mawaƙi ne kawai, bai koyar da kowa ba. Ni kam ban yarda ba. Lalle bai buɗe aji ba irin na mawaƙan opera na Turai, masu horar da murya bisa rubutattun alamomi. Shi kansa ma ba gadon waƙa ya yi ba. Amma a saurari Bakandamiya: ya jefa magana, kalangu ya cafe, 'yan amshi su riƙe. Karatun ke nan. Mu ɗalibai mukan kwafe baitocin a takarda mu bar kiɗan waje, alhali manomin auduga a Malumfashi yana rera ta da karinta yana noma.