Ƙasa ko siminti: darasin Yama da Dandaji

Wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Tebaram a watan Afrilu ya san abin da rufin kwano ke yi wa ɗan Adam. Da hantsi ɗaki ya zama tanda, tsoho ya fita neman inuwa, ɗalibi ya kasa riƙe karatu. Duk da haka, kuɗin cirani na farko da ya shigo gida a Adar, bulo da kwano ake saye da shi, domin an ɗauki ginin ƙasa alamar talauci. Gine-gine biyu na wannan jiha tamu sun ƙaryata wannan zato.

Na farko shi ne masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962 da laka da itace, jama'ar gari suna kawo ruwa da tubali. Daga baya ya ƙara masa tulluwa da hasumiyoyi huɗu, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, har aikin ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Na biyu shi ne Hikma ta Dandaji, wadda Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018. Maimakon a rushe tsohon masallacin garin, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa matsattse.

A ganina, darajar Hikma ta fi ƙarfin kyan gani. Katangarta mai kauri tana tsare zafi ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. Ƙasar daga yankin aka haƙo ta, magina na gida suka yi aikin. Abin da ya fi, ɗakin karatun ya ba mata da yara dalilin shiga farfajiyar da a da maza suka fi zama cikinta.

Sai dai yabo bai hana gyara ba. Ginin laka irin na Yama yaɓe yake so bayan damina, yaɓe kuwa gayya yake so, alhali samarin Adar da yawa suna Abijan ko Libiya da rani. Matsattsen tubali kuma inji yake buƙata, wanda ba kowane ƙauye ke da shi ba. Gini guda da ya yi suna a duniya bai sauya azuzuwan zana ba, irin waɗanda gobara ta ci a Yamai da Maraɗi a 2021, yara da dama suka rasu.

Saboda haka aikin ya koma kan malamai da ƙungiyoyi. A kai ɗalibai Yama da Dandaji su taɓa bango da hannunsu, a gayyaci tsofaffin magina makaranta. In an tashi gina aji ko ɗakin shan magani a Tebaram, a tambaya tun kafin a haƙa harsashi: wa zai zauna ciki da azahar, wa kuma zai gyara shi baɗi?