Hannu da Jari: Abin da Ke Mayar da Ɗan Wasan Dats Ƙwararre

Wasan dats, wato jifan allo da ƙananan kibiyoyi uku, a mashayun Ingila ya girma, shi ya sa har yau wasu ke yi masa kallon abin kashe lokaci. Ɗan wasa na tsayawa mita 2.37 daga allo, ya fara da maki 501 yana ragewa har su ƙare, kuma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa gidan ninki biyu. Gidan da kowa ke hari, mai ninka 20 sau uku, siririn zirin ne da 1 da 5 suka sa a tsakiya. Hannu ya ɗan karkace, sai maki 60 su koma 1. Mai kallo zai ɗauka daidaiton hannu kaɗai ke yin gwani. Tarihin Phil Taylor, wanda ya ci kofin duniya sau 16, yana nuna cewa hannu sai da jari da tsari a bayansa.

Taylor ma'aikacin masana'antar tangaran ne a Stoke-on-Trent lokacin da Eric Bristow, zakaran wancan zamani, ya ba shi rancen fam 10,000 don ya samu kuɗin tafiye-tafiye da shiga gasa. A 1990 yaron gida ya lallasa ubangidansa 6-1 a wasan ƙarshe na kofin duniya. Sai dai kofin ya zo a lokacin da gidajen talabijin suka juya wa wasan baya, kuɗin gasa ya ja baya. Wannan ya sa 'yan wasa 16, har da Taylor da Bristow, suka ɓalle daga hukumar BDO a 1993, suka tsaya da ƙungiyar da daga baya ta zama PDC, tashar Sky ta riƙa nuna wasanninsu. Kofuna 14 cikin 16 ɗin Taylor a wannan sabon gida ya ci su, takwas a jere daga 1995 zuwa 2002. BDO kuwa, wadda ta yi musu kallon 'yan tawaye, ta durƙushe a 2020.

Za a ce ai Luke Littler ya rusa wannan hujja: yaron da ya kai wasan ƙarshe na kofin duniya yana ɗan shekara 16, ya ɗauki kofin a Janairun 2025 yana da 17, bai jira rancen kowa ba. Baiwarsa ba abin musu ba ce. Amma ba a mashaya ya koya ba. Makarantar dats ta St Helens da gasannin matasa ne suka raine shi, wato abin da Bristow ya yi wa mutum ɗaya daga aljihunsa ya zama tsani da aka kafa wa kowa. Fam 500,000 da ya karɓa na cin kofin a zauren Alexandra Palace ma 'ya'yan ɓallewar 1993 ne. Inda hujjar ke da iyaka shi ne kan ɗan wasa: Bristow kansa ya yi fama da larurar da ke hana yatsu sakin kibiya a kan lokaci, kuma duk jarin da ya iya ba Taylor bai dawo masa da kofin duniya ba bayan na 1986.