Ƙidayar Ambato da Likitan Hanta a Lafia

A jami'o'inmu, idan za a auna malamin likitanci, ana fara duba yawan maƙalun da ya buga, sannan a duba sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su. Eugene Garfield ne ya assasa wannan ƙidaya a Amurka da kundin ambato na 1964, kuma a 2005 Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin da ke dunƙule aikin mutum duka cikin lamba ɗaya. Yanzu da Jami'ar Tarayya ta Lafia a jihar Nasarawa, wadda aka kafa a 2011, ta shiga horar da likitoci, ya kamata a tsaya a duba abin da lambar ke aunawa a fannin cututtukan ciki da hanta. Ra'ayina shi ne tana auna yawan masanan da aikin ya ja hankalinsu, kuma mafi yawansu ba a Nasarawa suke ba, matsalarsu ma daban take da tamu.

Tarihin fannin a Arewa ya nuna haka. Bayan Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya sun gano cewa ƙwayar Helicobacter pylori ce ke haddasa gyambon ciki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005, wani likita Bature mai suna Holcombe da ya yi aiki a Maiduguri ya buga maƙala a mujallar Gut a 1992. Ya ce ƙwayar ta cika cikin mutanen Afirka, amma sankarar ciki ba ta yi yawa ba. Maƙalar ta sha ambato shekara da shekaru, domin ta jefa wa masanan Turai da Amurka tambayar da ta dame su, har wasu suka ambace ta don su ƙaryata ta, suna cewa ƙarancin na'urar leƙa ciki da rashin rajistar sankara ne suka ɓoye cutar. Kundin ba ya rarrabe mai yabo da mai suka, duk ɗaya yake ƙirga su.

A Nasarawa kuwa babbar damuwa hanta ce. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C, amma a wannan jiha nau'in C ya ninka na ƙasa sau da yawa. Shi ya sa a 2020 gwamnatin Abdullahi Sule ta ɗauki alkawarin kawar da shi, da haɗin gwiwar ƙungiyar CHAI. Maganin yana nan, ƙwayoyin sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 suna warkar da mafi yawan masu cutar. Abin da ya rage a sani shi ne me ya sa wanda aka gwada a Doma ko Awe ba ya dawowa gwajin tabbatarwa, nawa kuɗin mota ke ci a aljihunsa, wane hannu wanzamai da masu allurar gida ke da shi wajen yaɗuwa, kuma ko ma'aikacin jinya a ƙaramin asibiti zai iya ba da maganin ba sai an turo mara lafiya babban asibiti ba. Likitan da ya amsa waɗannan zai ceci rayuka da dama, amma maƙalarsa za ta fito ne a mujallar gida, irin ta ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta Najeriya, kuma da yawa daga mujallunmu ba sa cikin kundayen ambato irin su Scopus ko Web of Science. Manyan mujallu da ake karantawa kyauta kan nemi dala dubbai kafin su buga, kuɗin da ya fi ƙarfin albashin malami.

Masu kare lambar suna da hujja mai nauyi. Sun ce idan aka ajiye ta, ƙarin girma zai koma hannun sanayya da ubangida, kuma kowa zai fake da sunan amfanin al'umma ya kare aiki mara inganci. Suna kuma iya nuna ma'aunin TREAT-B da aka samar daga binciken Gambiya a 2018, wanda ke tantance mai buƙatar maganin nau'in B da gwajin jini biyu masu sauƙi, ya amfani talakawa kuma ya sami ambato. Gaskiya ne, sai dai wannan aiki ya tsaya ne a kan cibiyar bincike ta Birtaniya da ta daɗe a Gambiya da kuɗin Turai, gatan da mai bincike a Lafia ba shi da shi. Lambar ma ba ta tsira daga maguɗi ba, ana saka sunan wanda bai taɓa aikin ba, ana yanka bincike ɗaya gida uku, abokai na ambaton juna. Saboda irin wannan ne sanarwar San Francisco ta 2012 ta nemi a daina auna mai bincike da martabar mujallar da ya buga a ciki.

Amfanin aiki yana da shaidar da za a iya dubawa a rubuce. Kwamitin ƙarin girma na iya neman malami ya kawo maƙala biyar da ya fi alfahari da su, a tura wa masana biyu daga Jos ko Zariya su karanta su da kansu, sannan a tambayi Ma'aikatar Lafiya ta jiha ko wani sakamakonsa ya shiga ƙa'idar gwaji da magani, ko rajistar sankarar hanta da ya buɗe tana aiki har yau. Lambar ambato sai ta zauna a gefen waɗannan a matsayin shaida ɗaya daga cikinsu.