Gwanintar Kunne: Yadda Likitan Ƙwaƙwalwa Ke Gano Cuta

Mai zazzaɓin cizon sauro ɗigon jini ɗaya ya ishe shi, kafin minti 20 an faɗa masa abin da ke damunsa. Wanda ya karye, hoto zai nuna inda ƙashin ya tsage. Mai hawan jini a ɗaura masa abin awo a damtse a karanta. Amma tsananin damuwa, da cutar baifola mai hawa da sauka, da sikizofireniya, har yau babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu. Likitan ƙwaƙwalwa yakan tura a yi gwaje-gwaje, sai dai domin ya kawar da zaton wasu cututtukan ne. Ainihin aikin da kunne ake yin sa, da ido, da tambaya, da haƙurin zama. Wanda ya leƙo ta taga zai ɗauka hira kawai ake yi, alhali kuwa wannan hirar tana cikin ayyukan likitanci mafiya wuya.

Masu buƙatar wannan gwaninta ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, wato mutum 1 cikin kowane 8. Miliyan 301 na fama da matsananciyar fargaba, miliyan 280 da tsananin damuwa, miliyan 40 da baifola, miliyan 24 da sikizofireniya. Wato mai yawo a bola da tsumma, wanda shi muke tunawa in an ce taɓin hankali, ɗan ƙaramin yanki ne na masu ciwon. Galibinsu suna kasuwa, suna ofis, suna ɗakin girki, kuma babu mai nuna su da yatsa.

A ɗauka samari uku aka kawo asibiti rana ɗaya. Kowanne 'yan'uwa sun rirriƙe shi, kowanne yana sambatu, kowanne ya kwana bai runtsa ba. A unguwa hukuncinsu ɗaya ne: ko sun zautu, ko an yi musu sammu, ko sun yi gamo. A gaban gwani kuwa ciwo uku ne daban-daban, kuma abin da zai fara nema shi ne lokaci.

Ya dubi mahaifiyar na farko ya ce, "Inna, yaushe rabon da ku gan shi lafiya ƙalau?" Ta ce, "Shekaranjiya ma ya je kasuwa, likita. Da dare ne jikinsa ya yi zafi." Likita ya taɓa goshin yaron, ya ce masa, "Samari, ina muke yanzu? Yau wace rana ce?" Bai sani ba. Ya ce ya lissafo ranakun mako da baya, daga Juma'a. Yaro ya ce Alhamis, ya ce Laraba, sai hankalinsa ya tafi wani wuri, ya hau kakkaɓe wani abu daga rigarsa da babu mai ganinsa. Uwar ta ƙara da cewa da safe yakan gane mutane, da yamma abin ke tsananta. Nan take likita ya san ciwon a jiki yake, ƙwaƙwalwa ta ruɗe ne kawai saboda shi. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai na iya jawo haka, haka taifot, da sanƙarau, da faɗuwar sukari a jini. Wannan yaro ɗakin gaggawa ya dace da shi a ranar, domin in an tsaya jinkiri zai iya rasa ransa cikin kwanaki, in kuwa an magance zazzaɓin sau da yawa hankalinsa yakan dawo daidai.

Na biyu ya san inda yake, ya san kwanan wata, jikinsa babu zafi. Magana ce ke zuba ba ƙaƙƙautawa, kafin ya ƙarasa wannan ya faɗa waccan. Kwana 10 ke nan barcinsa bai wuce awa biyu ba, kuma bai gaji ba. Ya rarraba kayan shagonsa kyauta, yana cewa gobe zai buɗe kamfani a Dubai. Likita ya bar shi ya yi ta zuba, sannan ya juya ga yayansa: "Malam, ya taɓa shiga wani hali da ya ƙi fita, ya ƙi magana?" Yayan ya yi shiru, sannan ya tuna cewa shekara biyu da suka wuce ya yi wata uku a ɗaki, ko masallaci sai an ja shi, suka ɗauka asarar da ya yi a kasuwa ce. Wannan tambaya ɗaya ita ce ta haɗa rabin labarin da ɗaya rabin. Baifola ce. Kuma sanin haka na da amfani babba, domin da a lokacin kwanciyar ɗakin aka kawo shi, aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai ba tare da an binciki tarihinsa ba, maganin na iya tunzura shi zuwa irin wannan zumuɗin.

Na uku shi ne mafi shiru. Babu wanda zai iya faɗin ranar da abin ya fara. Kusan shekara guda ke nan yana janye jiki daga abokai, ya bar makaranta, ya daina wanka sai an matsa masa. Yanzu yana jin muryoyi suna tattauna lamarinsa, kuma ya haƙiƙance cewa mai karanta labarai a rediyo da shi yake. Zaton sikizofireniya ya yi ƙarfi, amma gwani ba ya gaggawar rubuta wannan suna a kati, domin suna ne mai nauyi da zai bi mutum har wajen neman aure. Sai ya sallami 'yan rakiya, ya tambayi yaron shi kaɗai game da wiwi da tiramadol da kodin, cikin muryar da babu zargi a cikinta. Tambayar dole ce: binciken Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma wiwi na iya haddasa alamomin da ke kama da waɗannan sak.

Gero da maiwa suna ƙanana sai manomi ke bambance su, amma lokacin nuna ba ya ɓoye kowanne. Haka waɗannan cututtuka suke, kuma likitan da ya kafa wannan ka'ida shi ne Emil Kraepelin na ƙasar Jamus. Ya riƙa ajiye wa kowane majinyaci kati, yana bin sawunsa shekara da shekaru, har a 1899 ya raba manyan cututtukan gida biyu: mai zuwa ta tafi ta bar mutum lafiya a tsakani, da mai daɗewa tana cin mutum a hankali. Duk da haka an daɗe kowane likita na awo da mudunsa. Wani bincike da aka wallafa a 1972 ya gano cewa asibitocin New York na sanya wa majinyata sunan sikizofireniya kusan ninki biyu na yadda asibitocin Landan ke yi, alhali majinyatan iri ɗaya ne. Irin wannan saɓani na cikin abin da ya sa aka tsara sharuɗɗa a rubuce. A yau kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, da kundin likitocin Amurka, DSM-5 na 2013, duk sun ɗaure ganewa da lokaci. Tsananin damuwa sai alamominta sun kai mako biyu. A kundin Hukumar, sikizofireniya sai ta kai wata guda. Amma kundi yana faɗin abin da za a nema ne kawai. Fitar da shi daga bakin mai jin kunya ko mai jin tsoro, wannan aikin gwani ne.

A nan ne gwanintar ta fi fitowa, wajen masu ciwon da ba ya ihu. Mace ce mai 'ya'ya biyar ta zo tana cewa kanta na zafi, gabanta na faɗuwa, tana jin kamar kiyashi na bin jikinta. Ta sha maganin taifot sau uku, an yi mata ƙarin ruwa, babu sauƙi. A Najeriya sau da yawa da irin wannan harshe na jiki damuwa ke gabatar da kanta, domin ciwon kai ba abin kunya ba ne, ƙuncin zuciya kuwa ana iya fassara shi da rashin tawakkali. Gwani ba ya cewa "babu abin da ke damunki". Yana farawa daga inda ta tsaya. "Hajiya, wannan zafin kan, yana barinki ki yi barci?" Ta ce takan farka tun kafin kiran assalatu, ta kasa komawa. "Abinci fa?" Sai dai ta tura. "Biki ko suna, kina jin daɗin zuwa kamar da?" Nan ta sunkuyar da kai. Labarin zuciya a tambayi fuska. Daga nan zai nemi maigidan ko uwar mijin su ɗan jira a waje, ya yi tambayar da kowa ke tsoro: ko ta taɓa jin gara ma ta mutu ta huta. Bincike ya tabbatar da cewa yin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin kashe kansa. Yawanci ma sauƙi yake samu, don an ba shi damar faɗin abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

Sai kuma ya auna: wannan baƙin ciki ne irin na kowa, ko cuta ce? Wanda aka yi wa rasuwa yana kuka, yana rage cin abinci, amma in an yi masa ta'aziyya yana jin sanyi, kuma a hankali yana komawa harkokinsa. Mai cutar damuwa lallashi ba ya ratsa shi, yana ganin kansa ba shi da amfani, yana ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. Wannan bambanci ba sabo ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya riga ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum babu dalilin da ake gani, ya kuma ce na biyun yana da nasaba da jiki, yana buƙatar magani.

Wani wurin da ake gane gwani shi ne batun aljanu da sammu. Yarda da su ita kaɗai ba alamar cuta ba ce a al'ummar da kusan kowa ya yarda da su. Don haka likita ba ya jayayya da majinyaci, ba ya kuma raina ruƙiyyar da aka yi masa. Abin da yake dubawa shi ne ko maganar ta wuce inda danginsa da malaman unguwarsu suka sani, ko tana hana shi aiki da barci, ko ta zo tare da wasu alamomin. Thomas Adeoye Lambo, wanda ake ɗauka uban wannan fanni a Najeriya, ya gina aikinsa a kan wannan fahimta. Daga 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, ya riƙa saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan'uwansa, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Ta haka yana ganin majinyaci cikin mutane, yana jin labarinsa daga waɗanda suka san shi. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

In dangi suka tambayi abin da ya jawo ciwon, gwani ba ya ba da amsa ɗaya tilo, domin da wuya a samu dalili ɗaya. Abu uku yake nema: me ya share wa cutar fage, me ya tayar da ita yanzu, me ke hana ta tafiya. Gado na cikin na farko, amma ba hukunci ba ne: ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya na da sikizofireniya, kusan rabin lokaci ɗayan ba ya kamuwa. Mai tayarwa na iya zama rasuwa, ko karayar arziki, ko ƙwaya, ko abin da ido ya gani a wurin da 'yan bindiga suka kai hari, ko haihuwa. Maijego 1 zuwa 2 cikin 1,000 kan sami ruɗewar hankali mai tsanani a makonnin farko, kuma tana warkewa in an kai ta asibiti da wuri. Mai hana tafiya kuwa sau da yawa a gida yake: tsangwama, ɗaurin mari, rashin abin yi, ko daina shan magani da zarar an ga sauƙi.

Masu wannan gwaninta sun yi ƙaranci ƙwarai. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a yankin Yarbawa, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna kashi 12.1 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma cikin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani, waɗanda suka sami magani ba su kai 1 cikin 10 ba. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikatan jinya da na ƙananan asibitoci yadda za su yi waɗannan tambayoyi. A Janairun 2023 kuma aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Tun da kayan aikin wannan likita labari ne, rabin aikin yana hannun dangi. Duk wanda zai kai ɗan'uwansa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, ko Maiduguri, ko asibitin da ya fi kusa, ya tafi da wanda ya fi sanin majinyacin, ba wanda ya fi ƙarfin riƙe shi kaɗai ba. A tafi da duk magungunan da ya sha, na asibiti da na gargajiya. A tuna lokacin da aka fara ganin canji, a faɗi gaskiya game da ƙwaya da tarihin gida, a kuma yarda a fita waje in likita ya nemi ganawa da shi shi kaɗai. In kuwa sambatu ya zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko ga maijego, kada a bari ya kwana a gida.