Igwar Da Ake Ja: Maganin Tanka Da Nauyi Ya Ci Ƙarfinsa

Igwar fasa tankokin yaƙi, wadda mota ke ja zuwa bakin daga a girke ta, ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da ciwon nauyi. A 1939, Pak 36 ta Jamus ba ta kai rabin tan ba, sojoji kaɗan ke tura ta su ɓoye. Sulken tanka ya yi ta kauri, igwa na bin sa da girma, har Pak 44 mai bakin milimita 128 ta haura tan 10. Makamin da aikinsa kwanton ɓauna ne, sai ga shi ba ya ɓoyuwa, ba ya guduwa.

Ingila da Amurka suka haƙura, suka koma ga bindigogi marasa shuri irin su BAT da M40. Faransa kuma ta fito da makami mai linzami SS.10 a tsakiyar shekarun 1950.

Tarayyar Sobiyet ce ta ƙi saki, kuma a ganina nacinta ya haifi abu mafi daraja a wannan tarihi. A 1961 ta fara aiki da T-12 mai bakin milimita 100, ƙirar masana'antar Yurga a Saiberiya. Da can, ana yi wa cikin bututun igwa tsaga a murɗe domin harsashi ya fita yana juyi, kada ya kauce. Maƙeran T-12 suka bar cikin sumul, suka ba ta harsashi siriri kamar kibiya, mai fukafukai a gindi, da ke fita da gudun da ya wuce mita 1,500 a daƙiƙa. Babu nakiya a cikinsa. Gudu da tauri kaɗai ke huda sulke. Sumul ɗin bututun nan ne yau a kan tankokin T-72 da Leopard 2.

A 1970 aka fito da sabon samfurin T-12, MT-12, wato Rapira, mai nauyin tan 3, da ƙafafun da ke jure jan motar MT-LB a ƙasa mai gargada. Daga baya aka ba ta Kastet, makami mai linzami da ake harbawa ta bututun. Amma igwar Sprut-B mai bakin milimita 125 ta wuce tan 6, har sai da aka ɗaura mata ƙaramin inji don ta iya gusawa da kanta.

Ana yaba wa irin wannan igwa da araha da sauƙin koyo. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ke biyan arahar: mutum shida ko bakwai a bayan garkuwa mara kauri, waɗanda ƙurar harbin farko ke tona maɓoyarsu. A yaƙin Yukiren, inda ɓangarorin biyu ke amfani da Rapira, jirage marasa matuƙa sun ƙara tsananta wannan haɗari. Galibi yanzu daga nesa ake harba ta kan ramukan sojoji, kamar kowace igwa.