Laimomin Sherbur: wa ke da laifi?

Yau hirarmu bisa wani fim ce na ƙasar Faransa. Sunanshi Les Parapluies de Cherbourg, watau Laimomin Sherbur. Jak Demi ya shirya shi. Ya fito a 1964, kuma ya ci babbar kyauta a gasar silima ta birnin Kan.

Ga labarin. A 1957, a garin Sherbur na bakin teku, akwai wata yarinya Janbiyeb, shekarunta 17. Uwarta na da kantin saida laima. Yarinyar na son Gi, wani makaniken mota mai shekara 20. Sai anka kira shi soja, yaƙin Aljeriya, na shekara biyu. Bayan tafiyarshi ta gane tana da ciki. Wasiƙarshi ba ta zuwa sai jefi-jefi. Kanti kuma bashi ya danne shi. Uwa ta yi ta matsa mata ta auri Rolan Kasar, attajiri mai saida lu'ulu'u, wanda ya yarda ya ɗauke ta da cikinta. Ta aure shi.

Gi ya komo a 1959 da rauni ga ƙafa. Ya iske an saida kanti. Ya sha baƙin ciki, daga baya ya auri Madalen, wadda ta yi jinyar gwaggonshi. A ƙarshen 1963, cikin dare, ƙanƙara na zuba, wata mota ta tsaya gidan mai na Gi. Janbiyeb ce, da ɗiyarsu a ciki. Sunka gaisa kamar baƙi. Ta tambaye shi ko yana son ganin yarinyar. Ya ce a'a. Ta ja mota ta tafi.

Abin da ya gamshe mu shi ne babu mugu cikin fim ɗin. Uwa tsoron talauci da kunya take. Kasar mutumin kirki ne. Gi ba da son ranshi ya tafi ba. Yaƙi da bashi da shiru sunka raba su. Ƙarshen ma gaskiya ne. Ba wanda ya mutu don so. Kowa ya yi gidanshi, amma tabo na nan.

Sai dai akwai abin suka. Duk maganar fim ɗin waƙa ce, har zancen gyaran mota. Da farko kunne zai ƙi, sai a hankali ya saba. Na biyu ya fi nauyi. Uba ya ƙi duban ɗiyarshi, amma daɗin kiɗa ya lulluɓe abin, har mai kallo ya manta da ita. Mu dai mun ce ita ce ta fi kowa hasara, don ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ku duba garinku. Samari nawa sunka tafi biɗa Najeriya ko Libiya ko Abijan, sunka bar budurwa da alkawali? Kai mai tafiya, kada ka yi shiru. Ka buga waya, ko ka rubuta da hannunka, tunda yanzu ka iya. Ku kuma iyaye, kafin ku ba da ɗiya, ku ji ta bakinta.

To, a ganinku wa ke da laifi? Ku tattauna wajen karatu, ku rubuto muna.